Karen da Ya Ƙi Zama

Ni dai ba na karɓar saƙo a rufe. Tun zuwana Guangzhou na farko aka biya mini wannan karatun, na kuma haddace shi: kada ki ɗauki saƙon kowa sai an zazzage shi a gabanki, ko da na wanda kuka sha nono ɗaya ne. Takalmi a fitar da shi daga kwali a leƙa cikinsa, gwangwanin shayi a buɗe. Na sha ɓatawa da mutane a kan haka. Akwai wata 'yar unguwarmu da har yau ba ta amsa gaisuwata a gidan biki, don na sa ta kwance ƙullin man gashi a tsakiyar kasuwa. Oho dai. A ƙasar Sin ƙwaya ba abin wasa ba ce, hukuncinta yakan kai har ga rai, kuma an ce "ban sani ba" ba ta cika fitar da mutum. Dukkanmu mun ji labarin waɗanda suka bar masauki da akwati za su filin jirgi, ba su isa gida ba, ba su kuma dawo masaukin ba.

Wanda ya koya mini wannan doka wani dattijo ne ɗan Maraɗi, aminin mahaifina. Baba nake ce masa. Tare suke tafiye-tafiyensu da mahaifina tun ina ƙarama, ɗaki ɗaya, akushi ɗaya. Da mahaifina ya rasu shago ya dawo hannuna, Baba ne ya riƙo ni ya kawo ni garin nan, ya nuna mini yadda ake fita daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a taka zuwa manyan kantunan tufafi na Guangyuan, ya koya mini cewa in ɗan Sin ya ce "meyo", wato babu, kada in tafi, in tsaya in ƙara tambaya. Shi shadda yake saya da fitilu masu caji da rana, ni kuma kayan yara da jakunkunan mata.

Baba yana da wata jaka. Ƙarama ce, koriya, ta yadin tanti, ba ta fi matashin kan yaro ba. An ja zif ɗinta, sannan aka bi bakinta da ɗinkin hannu na baƙin zare, kusa-kusa. Duk zuwan da zai yi tana hannunsa. A jirgi tana cinyarsa, a masauki tana saman kabad, ban taɓa ganin ya ajiye ta a ƙasa ba. 'Yan kasuwa kowa da hasashensa: wasu su ce zinari, wasu su ce layu, wasu su ce takardun gona. Ni na yanke wa kaina cewa Alƙur'ani ne rubutun hannu, irin na dattawa. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Baba, kai da ka hana mu saƙo a rufe, ga naka nan a ɗinke." Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, wagga ba saƙon kowa ba ta, tawa ta." Daga nan ban sake tada maganar ba.

Ya rasu a lokacin da bango ke gumi. Wanda bai zauna Guangzhou bayan sabuwar shekararsu ba ba zai gane ba. Rana takan ɓace kwana da kwanaki, gari ya yi fari fat da hazo mai ruwa, tayil ɗin ƙasa ya jiƙe ba a zuba masa komai ba, madubi ya riƙa zubar da ruwa, wanki ya ƙi bushewa sai dai ya yi wari. A irin wannan rana Baba ya dawo daga kasuwa bayan azahar, ya zauna a kujerar bakin masaukinsa da ke bayan titin Huanshi, ya ce bari ya huta kafin ya hau bene. Matar da ke kula da masaukin ta wuce shi ta dawo, ta sake wucewa, tana zaton barci yake. Idonsa a rufe, ledar lemo tana rataye a yatsansa. Sai da la'asar ta yi wani ɗan Yamai ya taɓa shi don su tafi salla.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi kuka kamar ranar da na rasa mahaifina, wallahi har ya fi, don wancan a gida ne.

Dattawanmu na garin suka sa aka kulle ɗakinsa nan take, suka ce kada wanda ya taɓa komai, dukiyar ta zama ta magada. Gawa ta yi kwanaki a sanyi ana fama da takardu. Da aka samu izini maza suka nemo farin yadi a kasuwa, aka yi masa sutura, aka kai shi maƙabartar musulmi a bayan gari. Ni ban je ba, mata ba ma zuwa. Na zauna a ɗakina ina jan carbi ina kallon ruwa yana gangarowa a bango.

Bayan haka aka buɗe ɗakin. Kayan da ya saya aka haɗa za a tura ta kago, wato jirgin dakon kaya. Sai aka zo kan jaka.

A wurin akwai wani Bazazzagi sa'ana, mai aikin tura kaya ta jirgin sama. Abokin wasana ne, kullum muna kacaniya, ni in ce masa bawan Kanawa, shi ya ce mu Kanawa ko a maƙabarta sai mun taya. Ya fara karatun lauya a gida bai ƙarasa ba, amma bakinsa ya ƙarasa, kuma yana jin yaren Sin daidai gwargwado. Shi ne ya ɗauki jakar ya jujjuya ya ce, "Jama'a, a buɗe wannan. Ku duba zaren nan, sabo ne. Ɗakin kuma ba mu kaɗai ke da makullinsa ba."

Babban dattijon wurin ya girgiza kai. Ya ce abin da mutum ya ɗinke da ransa, bai buɗe wa kowa ba, ba a buɗe shi bayan ransa sai a gaban iyalinsa. Ya ce in zinari ne, wanda ya yanke zaren nan shi zai amsa tambaya in an ce ya ragu. In kuma sirri ne, mutumin yana da haƙƙin a rufa masa. A bar kaza cikin gashinta. Kowa ya ce haka ne. Sai idanu suka juyo kaina, don ni ce mai tafiya ta gaba, kuma ni ce 'yar gida.

Yaya zan yi? In ce a'a, ban yarda da jakar Baba ba? Na miƙa hannu biyu na karɓa.

Kwanakin da ta yi a ɗakina ban ji daɗinsu ba. Na ɗora ta a saman kabad kamar yadda yake yi. Komai na ɗakin ya yi laima, har fasfo ɗina ya lanƙwashe, amma in na taɓa jakar sai in ji ta a bushe. In na dawo daga kasuwa da rana tsaka na buɗe ƙofa, sai in ji kamar yanzun nan wani ya tashi daga kan kujera. Ba na ganin komai, ba na jin komai, amma sai na yi sallama kafin in shiga ɗakina na kaina. Maganar Bazazzagi kuma ta ƙi barina. Zaren sabo ne, na duba, gaskiyarsa. Jakar ta sha wuce na'urar filin jirgi, amma wa ya san abin da ke ciki a wannan zuwan? In wani ya yaudari tsoho fa? In wani ya shiga ɗakin bayan rasuwarsa, ya warware ya ƙara nasa ya mayar da ɗinki, yana jiran wawiyar da za ta ɗauka? Akwai ranar da na ɗauko almakashi har na sa bakinsa a kan zaren. Hannuna ya ƙi. Na mayar da shi na yi istigfari.

Ranar tafiya muka fita da hantsi, ko da yake ba ka ce hantsi ba ne, sama da ƙasa launi ɗaya. Motar wani ɗan Sin ce da muka saba ɗauka, ƙaramar bas, mutumin kirki, ya iya "sannu" da "yawwa" da "kai, Alhaji!" Bazazzagi ya cika bayanta da kwalayen kagonsa har rufi, ya zauna gaba. Ni na zauna a kujerar tsakiya wajen ƙofa, jakar tana cinyata. Wajen taga babu kowa. Nan Baba ya saba zama in mun fita tare, ni kuma ban iya matsawa can ba.

Mun kama babbar hanyar filin jirgin Baiyun, mun wuce wurin biyan kuɗin hanya kaɗan, sai ga fitilu ja da shuɗi suna walƙiya cikin hazo. Ba ka ganin motocin, sai fitilun. Wani ɗan sanda ya fito daga cikin farin nan kamar an zana shi, ya ɗaga hannu. Direba ya gangara gefe.

Maganar ba wata babba ba ce. Kwalaye sun toshe gilashin baya, fitilar birki ɗaya kuma ba ta kamawa. Aka karɓi takardun direba, aka duba fasfo ɗinmu, aka rubuta masa takarda ya sa hannu. Na ce alhamdu lillahi. Direba ya kai hannu ga makulli, ɗan sandan ya ƙwanƙwasa gilashi ya girgiza yatsa. Ya yi magana a wayarsa ya miƙo mana ita, wata muryar mace mai sanyi ta faɗa da Turanci cewa mu jira, kare yana zuwa.

Na dubi jakar da ke cinyata.

Na ce, "Malam, mene ne haɗin fitilar birki da kare?"

Bazazzagi bai waiwayo ba. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Babu. A wasu ƙasashen ma da ba su isa ba. Can cewa ake yi in an tsayar da kai kan fitila, an gama maganar fitila, to a sake ka. Ba a riƙe mutum don a jira kare sai da dalili."

"Shi karen fa? Ba bincike ba ne?"

"Wai ba bincike ba ne. Wai tunda ba ya buɗe komai, iska kawai yake shaƙa, iska kuwa ba ta kowa ba ce."

"Ka ji fa! Iska ba ta kowa ba ce, amma warin da ke cikinta na wani ne. To a nan fa?"

"A nan ban sani ba, Hajiya. Kuma ko na sani, wa zan karanta wa? Ki dai yi shiru. Karen nan ba ya haushi. In ya ji abin da aka koya masa, zama yake yi. In kin ga ya zauna a gaban wani abu, to shi ke nan, ya ba su makullin buɗe shi."

Muka yi ta jira. Motoci suna wucewa a hankali, ka ji ƙarar taya a kan jiƙaƙƙen titi, ka ga inuwa, ta ɓace. Direba ya kashe inji, gilasai suka rufe da tururin numfashinmu. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai san na karanta duk abin da na haddace, na koma farko.

Karen da suka kawo ya ba ni mamaki. Na zaci wani ƙato ne mai jan ido. Ashe ɗan guntu ne, ruwan ƙasa, kunnuwa a sake kamar na akuya, ga 'yar riga a jikinsa. Ko sautin tafiyarsa ba a ji. Mai riƙe da shi ya zagaya da shi bayan mota, aka buɗe, ya bi kwalaye ɗaya bayan ɗaya yana kaɗa wutsiya. Bai zauna ba. Ya bi tayoyi, ya bi ƙofar direba. Sai aka zuge ƙofata, wayar ta ce in bar komai a ciki in fito.

Na ajiye jakar a kan kujera na sauko.

Karen ya ɗora ƙafafunsa na gaba a kan matakalar mota. Na ga jiƙaƙƙen hancinsa yana tafiya kai tsaye wajen jakar, ga harshe a waje, ga yawu. Wallahi a wannan lokacin ban tuna ƙwaya ba, ban tuna kurkuku ba, ban tuna 'ya'yana ba. Abin da na gani kawai shi ne bakin kare zai taɓa Alƙur'anin Baba. Mu da ko ƙwarya kare ya lasa sai an yi ta wanki. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya tafi. Na fizge jakar na rungume ta a ƙirji, na daka masa tsawa da Hausa, "Kai! Tafi can!"

'Yan sandan da ke hira a gefe suka daina.

Bazazzagi ya ce, "Inna lillahi. Hajiya, kin kashe mu."

Abin da ya biyo baya har yau ban san yadda zan fassara shi ba, yadda na gani kawai zan faɗa. Karen bai bi jakar ba. Ko kallona bai yi ba. Ya tsaya yadda yake, ƙafa biyu a matakala, ya ƙura wa kujerar wajen taga ido, inda babu kowa. Wutsiyarsa ta daina motsi. Gashin bayansa ya miƙe. Kansa a ɗage yake, daidai inda fuskar mutum za ta kasance in yana zaune. Sai ya fara ja da baya a hankali, yana wani ɗan kuka siriri a maƙogwaro. Mai riƙe da shi ya yi masa magana, ya ja igiya, ya nuna masa cikin motar. Ya ƙi. Ya juyo da shi wajena ya nuna jakar da ke hannuna. Karen ya shaƙi iska daga nesa, ya kawar da kai, ya zagaya bayan ƙafafun mutumin ya tsaya cik. Tsigar jikina ta tashi tun daga ƙeya har dunduniya.

Bai zauna ba. Kowa ya gani.

Babbansu ya matso da wayarsa. Muryar macen nan ta ce, jakar wace ce? Na ce ta wani mutum ce da ya rasu. Ta ce, mene ne a ciki? Na buɗe baki, na ji kaina ina faɗin kalmar da aka ce ba ta fitar da mutum. Na ce ban sani ba.

Bazazzagi, Allah ya saka masa, ya yi ta maza. Ya shiga yi musu yarensu yana nuna karen. Babban ya bar shi ya gama, ya amsa da 'yar gajeriyar magana.

Na ce, "Me ya ce?"

"Na ce masa kare bai nuna komai ba. Ya ce haka ne, ke kika nuna."

Wata 'yar sanda ta zo ta tsaya a gefena, kusa sosai, har ina jin numfashinta. Aka zare jakar daga hannuna aka ɗora a kan murfin injin motarsu. Babban ya sa safar roba, ya fito da 'yar wuƙa. Ina ji yana yanke zaren, ƙis, ƙis, ƙis, kowane ɗaya a cikin hanjina. Amanar da dattawa suka ƙi buɗewa, da ni na kasa buɗewa, ga ta ana farkewa a bakin titi.

Ya ja zif. Leda ce a sama, cikinta wata leda, cikinta wata. Da ya kai ta ƙarshe ya ɗago ta sama. Wasu fararen dunƙulallun abubuwa ne masu ƙyalli kamar kanwa mai kyau. Ya sake sa hannu ya ɗago wata, cike da koren gari.

'Yar sandan ta kama gwiwar hannuna.

Ba zan ɓoye ba, a wannan lokacin na ji haushin Baba, haushi mai zafi. Na ce a raina, tsohon nan, ashe haka kake? Ka hana mu, kai kana yi? Na ga autata a bakin ƙofa tana jiran tsaraba. Na ga shagona a rufe, maƙwabta suna nuna shi da baki. Ban yi kuka ba, hawayen ma sun gudu.

Sai babban ya kwance bakin ledar fari. Iska mai laima ta kwaso warin ta kawo mini.

Kafur.

Na sha taya gwaggona wankan gawar mata a unguwarmu, ni ke riƙe mata buta. Wannan warin ba a manta shi. Tun da na zo garin nake jin irinsa a kowane kabad, don 'yan Sin suna zuba shi saboda laima, shi ya sa ko ya taɓa fitowa daga jakar ban lura ba. Amma da na gan shi kusa da koren garin nan, na san garin ganyen magarya ne. Kafin mutumin ya sake sa hannu na riga na san abin da ya saura. Ya fito da auduga, ya fito da 'yar kwalbar turare. Daga ƙasa ya jawo farin ƙyalle a ninke, ya kama gefe ya ɗaga, ƙyallen ya warware ya zubo har ya kusa taɓa titi.

Likkafanin Baba ne. Da shi yake yawo duk shekarun nan, don in ta same shi a hanya a rufe shi da nasa.

Bazazzagi ya dafe kai ya tsuguna a bakin titi. Shi ne ashe ya je neman yadin da aka yi wa Baba sutura. Yana kuka yana cewa, "Yana saman kabad, Hajiya. Muna ta yawo a kasuwa cikin ruwa muna neman fari mara zane, nasa yana saman kabad."

Su dai 'yan sanda aikinsu suka ci gaba da yi. Suka gutsuri farin, suka ɗebi koren, suka zuba a wasu 'yan kwalabe masu ruwa suka girgiza, suka tsaya suna kallo. Ruwan bai canza ba. Babban ya miƙo waya ya ce mene ne wannan. Na ce kayan wankan gawa ne, ƙyallen kuma shi ake naɗe mamaci a ciki. Muryar macen ta juya masa da yarensu. Na ga ya dubi ƙyallen da ke hannunsa, ya ajiye shi a hankali, ya ja da baya. Ya cire safar ya riƙe ta da yatsa biyu. 'Yar sandan ta saki hannuna. Babu wanda ya yarda ya sake taɓa komai, da hannu suka yi mini alama in kwashe.

Ni na ninke shi, a kan murfin motar 'yan sanda, hazo yana sauka a kansa. Yadi ne mai taushi, an wanke shi, ba sitaci. Karen yana can nesa a tsaye, har muka tashi ban ga ya zauna ba.

Direba bai ƙara cewa "yawwa" ba har filin jirgi. Ya sauke gilasai duka duk da sanyin, kuma ko sau ɗaya bai dubi madubin baya ba.

Daga baya na tambayi mutane ko suna da ikon yi mana abin da suka yi. Wani ya ce riƙe mu da suka yi bayan an gama maganar fitila zalunci ne ko a ina. Wani ya ce a ƙasar mutane ɗan sanda ba ya neman izinin baƙo. Wani kuma ya ce da ban fizge jakar ba da ba su da hanyar buɗe ta, tunda kare bai zauna ba. Wannan na ƙarshen ya fi tsaya mini a rai, ban kuma san ko in yi nadama ko in gode ba. Ni ba lauya ba ce.

Da na huta kwana biyu a Kano na kama hanyar Katsina, na tsallaka ta Jibiya. Jakar tana cinyata, na ɗaure bakinta da ɗankwali. A Maraɗi na tarar da matar Baba, Inna, tana takaba a ɗakinta, zaune a kan tabarma. Ta tsufa ƙwarai, amma idonta garau. Muka yi gaisuwa, muka yi kuka, aka yi addu'a. Da mutane suka ragu na kwance ɗankwalin na ajiye jakar a gabanta, ina neman ta inda zan fara ba ta haƙuri.

Ta ga zaren a yanke. Sai fuskarta ta washe, ta ɗaga hannuwa sama.

"Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi, kun buɗe. Tun da anka gaya mini, abin da ka hana ni kwana ke nan. Na ce ko sun gane, ko ba su gane ba. Allah shi yi maku albarka, ɗiyata."

Ta jawo jakar za ta ɗora a cinya, sai ta ji nauyinta. Hannunta ya tsaya. Ta ja zif a hankali ta leƙa.

Ta ɗago ta dube ni.

"Da mi kunka rufe shi?"

Na ce da farin yadi mai kyau, sabo, maza suka nemo. Na gaya mata yadda dattawa suka hana a taɓa, saboda amana, saboda magada. Na gaya mata inda aka yanke zaren da wanda ya yanke. Ban rage komai ba sai maganar kujerar wajen taga.

Ta ce daga Makka ya zo da yadin, a can ya wanke shi da zamzam ya shanya. Ta ce duk tafiyar da zai yi sai ta warware, ta sake sabon garin magarya, ta mayar ta ɗinke, don kada wani ya buɗe ya sa hannu mara tsarki. Ta ce mutum ɗaya ya gaya wa a duniya, abokin tafiyarsa, mahaifina. Bayan rasuwarsa ta yi ta cewa ya gaya wa wani, shi kuma ya ce yara ne, ba ya son ya tsorata su, sai wani zuwan.

"Ni na ɗinke ta," in ji ta. "Na ɗinke ta da kyau."

Na ce, "Inna, ba laifinki ba ne. Ba laifin kowa ba ne."

Ta sa farce tana zare guntayen baƙin zaren daga bakin jakar, ɗaya bayan ɗaya, tana tarawa a tafin hannu. Da ta gama ta fito da ƙyallen ta auna shi da kamu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ta sake aunawa. Ta ce ya yi mata yawa, amma a rage.

Na ce in nemo allura in mayar mata da ɗinkin. Ta riƙe hannuna.

"A'a. Bar ta buɗe. Ɗora mini ita bisa kabad, inda kowa ka gani." Na miƙe na ɗora. Ta bi ni da ido har na dawo na zauna, sannan ta ce, "Ke yanzu kin san abin da ke ciki. Ran da anka kira ki anka ce tawa ta zo, ki hwaɗa masu tun kan su tahi kasuwa."

Na ce to, Inna.